Talatin da Biyar da Ɗigo Huɗu

Mu biyar ne a gidanmu da ke bakin garin Cotter Wells, kuma kowa da abin da ya rasa. Baba, Emil Kovar, ya bar lafiyar gwiwarsa ta dama a filin ƙwallo yana ɗan shekara sha takwas, a ranar da ya ciyo wa garin kofi. Tun daga nan yake jan ƙafa yana noman auduga, hotonsa na ranar kuwa yana rataye a falo, sama da talabijin. Kaka, mahaifiyarsa, ta rasa haƙora da kunnen hagu, amma bakin yana nan daram. Mama ba ta rasa komai ba sai suruki. Ni Delphine, shekara ashirin da bakwai, malamar lissafi a sakandaren garin, a faɗar Mama miji na rasa, a faɗata kuwa shiru na rasa. Sai autanmu Wade, ɗan sha shida, wanda har zuwa ranar Asabar ɗin nan babu abin da ya rasa. Garin kansa shekara talatin da ɗaya rabonsa da kofi, kuma kun san mai jin yunwa ba ya raina abin da zai ciza.

Wade ne kwatabak ɗin makarantarmu, shi ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari, shi zai zaɓi wanda zai jefa wa. Ranar Asabar da rana, a zagaye na biyu na sili-ɗaya-ƙwale, aka fitar da mu da ci sha bakwai da sha huɗu. Kafin mu iso gida, garin ya gama yanke hukunci.

Ni nake riƙe da littafin wasa. Shekara uku ke nan ina hawa ɗakin sama na fili da fensir biyu da abin gogewa, ina rubuta kowane jifa da abin da ya same shi. A ɗakin nan na haɗu da Preston Haygood, wanda yake sayar da inshora a ranakun aiki, ranar wasa kuma ya zama muryar rediyon garin. Kujerarsa na kusa da tawa, kuma shi ne mai nemana. Bari in siffanta muku shi da adalci, don ni malama ce, ba na rage wa ɗalibi maki saboda ban so shi ba. Dogo ne, yana da tsabta, yana buɗe wa mace ƙofar mota. Farar malafa, takalmin fatar jimina, da kan bel mai faɗin murfin kwano. Aibinsa ɗaya: bai taɓa jin wata murya da ta kai tasa daɗi ba.

Ranar Lahadi ina gyara gashina za mu coci, wayata ta yi ƙara.

"Barka da safiya, Malamata. 35.4. Kin taɓa ganin irinsa? Ki gaya wa Mama ina tafe cin abincin rana. Ki sa koriyar rigar nan."

Na karanta sau biyu. Ƙanena yana ɗakin da ke kusa, tun jiya bai sa komai a bakinsa ba, shi kuma wannan yana aiko min da lamba kamar wanda ya tsinci dami a kala. Na buɗe kabad, na kalli koriyar rigar, na ciro mai ruwan toka, wadda nake sawa ranar jarrabawa.

Mama na ganina ta dafe ƙirji. "Delphine, jana'iza za mu je?"

"Coci, Mama."

"Mutum ya ce yana son koriya!"

"To ya saya ya sa."

Ƙarfe ɗaya muka zauna a tebur. Mama ta shimfiɗa farin ƙyallen da ba a fito da shi sai don fasto, ta jera farantan bikinta masu zoben zinare a baki. Baba ya yanko naman ƙirjin san da ya gasa da hayaƙi, ga wake, ga dankali, ga shayi mai ƙanƙara, ga kolachin Kaka, 'yan burodinta masu zaƙi, da ɗuminsu a rufe da tawul. Preston ya iso da furanni ga Mama, ya sunkuya ya gaida Kaka ta kunnen da ba ya ji, ya miƙa wa Baba hannu yana "Yallaɓai, ya gwiwa?" Sannan ya buga wa Wade kafaɗa ya ce, "Jarumi, a yi haƙuri."

Ko amin ɗin addu'a ba mu gama ba ya zaro takarda daga aljihun gaba. Bugaggiya ce, har da layuka masu launi.

"Yallaɓai, ba don in ɓata wa kowa rai ba. Kimiyya ce. Jifa ashirin da tara, sha ɗaya aka cafe. Yadi ɗari da talatin da biyu. Ci ɗaya. Biyu abokan hamayya suka ƙwace. In ka zuba su a ma'aunin da manya suke amfani da shi, makin majefi ya fito talatin da biyar da ɗigo huɗu."

"A cikin nawa?" in ji Mama, tana zuba masa wake.

"Gwani yakan haura ɗari, Mama." Ya gyara zama, na san abin daɗin ya zo. "Ga abin dariyar. Da Wade ya tsaya tun farkon wasa yana buga ƙwallo da ƙasa, kowane jifa a ƙasa, ba ya ko kallon kowa, da ma'aunin ya ba shi talatin da tara da ɗigo shida. Wato ƙasa ta fi shi iya wasa!"

Ya yi dariya har da dukan tebur. Mama ta yi 'yar dariyar rakiya, irin wadda ake yi wa baƙo. Na kalli Baba. Jira nake ya ce wani abu, ko da tsawa ce. Ya daɗe yana yanka nama ƙanana-ƙanana, sannan ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Lamba ba ta ƙarya."

Wade ya ajiye cokali a hankali.

"Gobe zan mayar wa Koci Brandt hular kwanona," ya ce. "Ya ba wani."

Babu wanda ya ce a'a. Ku ji ni da kyau, 'yan'uwa: yaron da tun yana shekara shida yake jefa ƙwallo ta cikin tsohuwar taya a bayan gida, har hannunsa ya yi kanta, ya ce ya bari, uban da ya rataya masa tayar kuma yana tauna nama.

"Shawara ce ta manya," in ji Preston. "Gobe da safe a shirina zan faɗi alƙaluman kawai, ba zan tsananta ba. Zan ce yaron ya san kansa."

Ban ɗaga murya ba. Ban taɓa ɗaga murya a aji ba, ba zan fara a teburin Mama ba. Na tashi na shiga ɗaki, na ɗauko littafin wasa da fensir, na dawo na matsar da farantina gefe.

"Preston, karɓi fensir."

"Malamata, yau Lahadi ce."

"Ai kimiyya ba ta hutu. Ashirin da tara a cire sha ɗaya?"

"Sha takwas." Ya kalli Mama yana murmushi, wai ga wasan masoya.

"Madalla. Mu bi sha takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, mu ga inda kowanne ya faɗi. Uku daga ciki, a ƙarshen rabin farko da ƙarshen wasa, da gangan Wade ya buga ƙwallon da ƙasa don ya tsayar da agogo. Koci ne ya ɗaga masa hannu. Kai da bakinka ka ce a rediyo yaron yana da hankali. Takardarka ta ƙirga su a matsayin me?"

"Jifan da ba a cafe ba. Haka doka take."

"Rubuta uku. Huɗu kuma ya wurga su waje, bayan layi, saboda ƙarti biyu sun taso masa babu mai tare su, in ya riƙe za a kayar da shi a yi asarar yadi goma. Su ma?"

"Haka doka take, Delphine."

"Rubuta huɗu. Yanzu ka amsa min wannan, don ni ban kai ka sani ba. Ma'aunin da yake ba wanda bai gwada komai ba maki fiye da wanda ya ci ɗaya ya kai mu yadi ashirin da raga saura daƙiƙa tara, wa ya kamata a yi wa dariya, yaron ko ma'aunin?"

Kaka ta juyo da kunnenta mai ji. "Me ya ce?"

"Bai ce komai ba tukuna, Kaka."

"Yau ga abin al'ajabi," in ji ta. Ta ɗauki kolachi ta nuna Baba da shi. "Kai kuma Emil, mai lamba ba ta ƙarya. Ranar kofin nan naka ina zaune a layi na uku da bargona. Sau tara ka jefa, huɗu aka cafe, ɗaya ma kan mai busa ƙaho ta faɗa. Aka ɗauke ka a kafaɗa aka zaga gari da kai. Da wannan mai malafar yana nan da takardarsa, da a ƙafa ka dawo gida."

Baba ya sunkuyar da kai kan farantinsa. Wuyansa ya yi ja.

Na ci gaba. "Saura sha ɗaya. Biyu aka ƙwace, za mu dawo kansu. Uku jifan banza ne, ya wuce kan mutum ko ya gaza, ba zan kare shi ba. Saura shida. Shidan nan sun sauka a tafin hannun mai cafewa, hannu biyu, suka zube. Na sa musu alama da ja. Biyar daga ciki mutum ɗaya ne, mai lamba tamanin da..."

"Yaya Del." Muryar Wade ce, a ƙasa. "Rufe littafin."

"Ban gama ba."

"Don Allah ki rufe."

Na kalli Preston. Murmushin ya tafi, ya bar bakin a buɗe kamar shagon da aka kwashe kayansa. Mai lamba tamanin da ɗaya Boone Haygood ne, ɗan yayansa. Kowa a teburin ya sani.

Wade ya tashi ya fita ta ƙofar baya. Mama ta kama hannun rigata mai ruwan toka ta ja ni kicin, ta turo ƙofa da ƙafa.

"Delphine Marie Kovar, kin haukace?"

In Mama ta haɗa sunayen nan uku, to a nemi wurin ɓuya.

"Lissafi kawai na yi, Mama."

"Lissafi! Namiji yana cin abinci a gidanku ki miƙa masa fensir? Ranar Alhamis, ranar Bukin Godiya, a gaban talo-talo da dangi, zai nemi aurenki. Na ga ɗan akwatin zoben da idona, uwarsa ta nuna min bayan coci. Shekararki ashirin da bakwai. Sa'o'inki suna kai 'ya'ya makarantar da kike koyarwa. Garin nan maza nawa ne a ciki masu aiki da haƙora cikakku?"

"Wade fa?"

"Wade yaro ne, zai manta. Ƙwallo ce."

"A garin nan? Mama, Baba shekara talatin da ɗaya yana cin albarkacin rana ɗaya. Kina so Wade ya yi talatin da ɗaya ana kiransa wanda ƙasa ta fi?"

Ta juya ta hau goge tukunyar da take a goge. "Ki fita ki ba mutumin nan haƙuri."

Na fita, amma ta ƙofar baya.

Na sami Wade a gindin bishiyar da tayar take rataye, zaune a bayan tsohuwar motar Baba ta ɗaukar kaya. Hular kwanon tana gefensa, ya riga ya goge ta, ya sa ta a jakar leda kamar kayan aro. Rana ta karkata, gonar auduga an girbe ta, sai karare da fararen ɓurɓushi. Na hau na zauna kusa da shi. Ban yi magana ba. Na koya a aji cewa in ka ba yaro shiru, shi zai cika shi.

"Yatsansa ya karye," ya ce can. "Boone. Tun hari na biyu. Ya naɗe shi a cikin safar hannu, ya ce kada in gaya wa Koci. Wasansa na ƙarshe ne, Yaya Del, bana zai gama. In aka cire shi shi ke nan."

"Ka sani ke nan, ka ci gaba da jefa masa?"

"Shi kaɗai yake kuɓucewa masu tsaro. Kuma ya roƙe ni." Ya murza idonsa da bayan hannu. "In kika karanta jan alamun nan a gaban mutane, shi za su koma ci. Gara ni. Ni ina da baɗi. To, da ina da."

"Wa kuma ya san zancen yatsan?"

Ya kalle ni kamar na tambaye shi biyu da biyu. "Preston mana. Shi ya kai shi asibiti bayan wasa."

Sai na tuna. Kullum bayan wasa Preston ne yake mayar da ni gida, yana maimaita min abin da ya faɗa a rediyo kamar ba a kusa da shi nake zaune ba. Jiya kuwa cewa ya yi wani uzurin gida ya taso. Ashe ya zauna a asibiti ya ga yatsan da idonsa, sannan ya koma ya buga takarda mai launi, ya sa turare, ya sayi furanni, ya zo ya ci naman Baba. Ba wai bai iya lissafi ba ne. Ya iya sarai. Ya san in garin ya sami lamba ɗaya da zai tauna, ba zai nemi ta biyu ba, kuma sunan Haygood zai fita fes.

Na sauko. Ƙofar motar ta yi ƙura, na nuna masa ita.

"Zo ka rubuta da yatsanka. Ba tawa ba, ba ta Preston ba, taka. Cikin sha takwas, nawa ne in aka dawo da kai jiya za ka yi daban?"

"Yaya Del, ba aji muke ba."

"Ko'ina aji ne. Na tsayar da agogo?"

"A'a. Su dole ne."

"Na waje?"

Ya yi tunani. "Ɗaya. Da na gudu da ita, akwai hanya ta hagu."

Ban ma lura da wannan ba, ni mai fensir biyu. "Rubuta ɗaya. Ukun banza?"

Ya ja layi uku.

"Biyun da aka ƙwace?"

"Ta farko daga hannun Boone ta yi tsalle. Ta biyu ta ƙarshen wasa ce." Ya kai yatsa jikin ƙofar. "Tawa ce. Na ga mai tsaron, na ɗauka zan riga shi."

"Rubuta."

Layi biyar a jikin ƙura. Ya tsaya yana kallonsu.

"Saura ɗaya," na ce, "wanda babu shi a takardar Preston, babu shi a littafina, kuma ya fi duka nauyi. Abokinka ya karye, ka ɓoye wa Koci. Kirki ne, na sani. Amma akwai mutum tara a filin ban da ku biyu, su ma wasansu ne. Kuma da yatsan ya ƙara lalacewa fa?"

Bai yi gardama ba. Ya ja na shida, ya fi sauran tsawo.

"Shida," ya ce.

"Shida. Duk ana gyara su kafin baɗi. Talatin da biyar da ɗigo huɗu kuwa ba a gyara shi, don bai gaya maka komai ba. Gobe ka je wurin Koci Brandt, ka faɗa masa shidan nan da bakinka. Hular kuma shi zai ce a ajiye ko a riƙe, ba mai sayar da inshora ba."

"Ba za ki faɗi sunan Boone ba?"

"Ba zan faɗa wa kowa ba. Na yi alkawari."

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Na san ko wane ne kafin in duba.

"Malamata, na wuce. Ban ji daɗin abin da ya faru ba amma na yafe. Littafin nan ya tsaya a gida, kada ya je hannun Koci ko wani. Ranar Alhamis ina da tambaya gare ki. Kada ki ɓata ta."

Ya yafe. Ku ji fa, ya yafe min. Na tsaya ina kallon kalmar har hasken wayar ya dushe, na sake taɓa ta. Na tuna ƙyallen Mama, da farantan bikinta, da ɗan akwatin da aka nuna mata a bayan coci, da yadda za ta shiga kanti ranar Juma'a kowa yana tambayarta. Ban ji daɗi ba, kada ku ɗauka dutse ne a ƙirjina. Amma na rubuta, da waƙafi da aya kamar yadda nake koya wa yara:

"Ya yatsan Boone? Ina fata likitan ya duba shi da kyau. Sunansa ba zai fito daga bakina ba. Amma in ka karanta 35.4 gobe, zan kira shirin, in tambaye ka a gaban garin me ya sa ma'auninka ya fi son ƙasa. Ƙarfe nawa kake buɗe layi?"

Na tura. Alamar an karanta ta fito nan take. Ɗigo uku suka fara rawa, suka tsaya, suka sake farawa, suka ɓace.

Ba a yi minti biyar ba ƙofar baya ta buɗe da ƙarfi. Mama ce, wayar gida a manne da ƙirjinta, ta toshe bakin da tafin hannu, fuskarta fari fat. Baba yana tsaye a bayanta, ba ni yake kallo ba, layukan nan shida na jikin motarsa yake kallo.

"Delphine Marie Kovar! Uwar Preston ce a waya. Zo nan yanzu ki gaya min me kika rubuta wa ɗan mutane!"

Na kakkaɓe ƙurar rigata na nufe ta. Wade ya riga ni. Ya zare hular daga ledar, ya bar ledar a bayan mota, ya rataya hular a yatsu biyu kamar yadda yake yi in za su shiga fili, ya raɓa ta gefen Baba ya shige da ita ɗakinsa. Ni na san abin da ke jirana a bakin wayar nan. Shi kuwa Wade ya gane cewa kurakuransa shida ne, ya san sunan kowanne, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya ce ya bari.